Yadda Za Ka Kare Sirrin Wayarka da Saƙonninka Daga Masu Sa Ido

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa tabbacin cewa gidansa da wasiƙunsa da maganganun da yake yi ta waya sirrinsa ne. Sai dai dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su adana bayanan masu layi da na zirga-zirgarsu har tsawon shekara biyu, a 2019 kuma hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta fitar da ƙa'idojin da suka tsara yadda jami'an tsaro za su riƙa sauraren kira da karanta saƙonni. A Nijar ma majalisar dokoki ta amince da irin wannan doka a 2020. Babu mai hankalin da zai ce kada a bi sawun masu garkuwa da mutane ta wayar da suke neman kuɗin fansa da ita. Amma kayan aikin da ake farautar ɗan bindiga da su ba sa bambance mai laifi da marar laifi, kuma an sha ganin an juya su kan 'yan jarida da lauyoyi da 'yan adawa. A ƙaramin kasafin kuɗin da aka yi a 2021, an ware wa hukumar leƙen asiri ta NIA fiye da naira biliyan 4.8 domin kayan sa ido a kan sadarwa, har da wanda aka ce na tsare saƙonnin WhatsApp ne.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne cewa lissafin da ake kulle saƙo da shi a yau yana da ƙarfi ƙwarai, kuma mai sa ido ba ya ɓata lokacinsa wajen fasa shi, zagaye shi yake yi. Edward Snowden, wanda ya fallasa ayyukan hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA a watan Yunin 2013, ya faɗi haka a lokacin: kullen da aka yi yadda ya kamata abin dogaro ne, raunin yana jikin na'urorin da ke aikawa da karɓa. Saboda haka mafi yawan abin da ke tafe ya shafi wayar da ke hannunka, da kwafin da take ajiyewa a wani wuri, da layinka, da mutanen da kake magana da su.

Fara da sanin wanda kake gudu

Kafin ka sauke kowace manhaja, ka zauna ka amsa wa kanka tambayoyi uku: mene ne a wayarka da idan ya fita zai cutar da kai ko wani, wane ne zai so ya same shi, kuma wane ƙarfi yake da shi. Ɗan kasuwa da ke tsoron ɓarawon waya da 'yan damfarar asusun banki, matakansa ba ɗaya ba ne da na ɗan jaridar da wani ma'aikaci ya ba takardun badaƙala. Na farko ya gama aikinsa idan ya kulle waya da layi kuma ya gyara kalmomin sirrinsa. Na biyu yana fuskantar wanda zai iya neman bayanan kiransa daga kamfanin sadarwa, ko ya ƙwace masa waya da ƙarfin hukuma, don haka sai ya bi abin da ke nan har ƙarshe. Wanda ya ɗora wa kansa matakan da suka fi ƙarfin buƙatarsa yakan gaji cikin mako guda ya watsar da su baki ɗaya, har da waɗanda suke da amfani a gare shi.

Abin da kullen saƙo yake yi

Tsawon ƙarnuka, masu rubutun asiri suna fama da matsala guda: mai aikawa da mai karɓa dole su riƙe mabuɗi iri ɗaya, kuma isar da mabuɗin shi kansa haɗari ne. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka nuna hanyar da mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su samar da mabuɗi na sirri alhali kowa yana sauraren su, a 1977 kuma Rivest da Shamir da Adleman suka fito da tsarin RSA. A irin wannan tsari kowane mutum yana da mabuɗi biyu da lissafi ya haɗa su. Ɗaya na fili ne, kowa zai iya amfani da shi ya kulle maka saƙo. Ɗayan na sirri ne, ba ya barin na'urarka, kuma shi kaɗai ne ke buɗewa. Bayan da Phil Zimmermann ya saki manhajar kulle saƙo ta PGP kyauta a 1991 domin talakawa su samu wannan kariya, gwamnatin Amurka ta buɗe masa bincike na laifi wanda ba a rufe ba sai a 1996, domin a wancan zamani ana lissafa kulle mai ƙarfi cikin kayan yaƙi.

Wannan dabara ce ke aiki a yau a cikin abin da ake kira kulle daga waya zuwa waya, wato a kulle saƙo a wayar mai aikawa, kada ya buɗu sai a wayar mai karɓa, ta yadda kamfanin manhajar da kamfanin sadarwa duka ba sa iya karantawa. Kiran waya na yau da kullum da saƙon tes ba su da wannan kariya ko kaɗan. Kullen da ke kansu tsakanin wayarka da ƙarfen sabis ne kawai, daga nan kamfani yana ganin komai a buɗe. Akwai kuma tsohon tsarin SS7 da kamfanonin duniya ke musayar bayanai da shi, wanda ba ya tantance mai neman bayani yadda ya dace. A watan Disamban 2020 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta lissafa Najeriya cikin ƙasashe 25 da alamu suka nuna suna amfani da kayan kamfanin Circles, masu bin wannan ɓaraka wajen gano inda waya take da sauraren kira. Ƙa'idar farko ke nan: maganar da ba ka so ta fita, kada ka yi ta ta kiran layi ko ta tes.

Kulle wayar kanta

A nan ne mutane suka fi sakaci, kuma a nan ne aka fi cin su. Wayoyin iPhone da wayoyin Android da suka fito da sigar 10 zuwa sama suna kulle abin da ke cikinsu da kansu, amma ƙarfin wannan kulle ya rataya ne a kan lambar da kake buɗe fuskar wayar da ita. Lamba huɗu ba ta wuce zaɓi 10,000 ba, lamba shida kuma zaɓi 1,000,000 ne, sannan idan shekarar haihuwarka ce ko ƙarshen lambar wayarka, wanda ya san ka zai canka kafin ya gama shan shayi. Zanen da ake ja da yatsa ya fi duka rauni, domin na kusa da kai a mota yana haddace shi da kallo ɗaya, kuma maiƙon yatsa yakan bar sawunsa a gilashi. Mafi ƙaranci ka sa lamba shida da ba ta da alaƙa da rayuwarka. Idan aikinka mai haɗari ne, ka sa lamba goma ko fiye, ko kalmar sirri mai haruffa.

Buɗe waya da yatsa ko da fuska yana da amfani a cikin jama'a, tun da ba wanda zai leƙa lambarka, amma yana da illa a wurin da za a iya riƙe hannunka a ɗora a kan wayar. Idan kana tunkarar shingen bincike ko wurin zanga-zanga, ka dakatar da shi. A iPhone ana danne maɓallin gefe tare da na ƙarar sauti na ɗan lokaci, sai wayar ta ƙi buɗuwa sai da lamba. A wayoyin Android da yawa akwai irin wannan zaɓi a jerin da ke fitowa idan ka danne maɓallin kashewa, ko da yake wani lokaci sai ka kunna shi a saituna.

Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne kashe wayar gaba ɗaya, kuma dalilin yana da muhimmanci. Daga lokacin da ka kunna waya ka sa lamba sau ɗaya, mabuɗan buɗe bayanai suna zaune a ƙwaƙwalwarta ko da ka sake rufe fuskar, kuma a wannan hali ne na'urorin tatsar bayanai irin na kamfanin Cellebrite suka fi samun nasara. Wayar da aka kashe, ko aka sake kunnawa ba a sa mata lamba ba tukuna, ta fi wuyar tatsa nesa ba kusa ba. Wannan ba labarin wata ƙasa mai nisa ba ne. A ranar 6 ga Janairun 2019 sojoji sun shiga ofisoshin jaridar Daily Trust a Abuja da Maiduguri suka kwashe kwamfutoci, daga baya kuma kwamitin kare 'yan jarida na CPJ ya ruwaito cewa hukumomin tsaron ƙasar sun mallaki kayan tatsar bayanai daga wayoyi da kwamfutoci. Ita kwamfuta, sai ka duba ka tabbatar an kunna kullen rumbunta, wato BitLocker a Windows ko FileVault a Mac, in ba haka ba duk wanda ya cire rumbun ya jona a wata na'ura zai karanta komai ba tare da kalmar sirrinka ba.

Akwai wurare biyu da muke miƙa wayoyinmu da hannunmu. Na farko shagon caji ne, inda ake jera wayoyi hamsin a kan katako, a manna wa kowace lamba, mai ita ya tafi kasuwa sai la'asar. Ka kashe wayar kafin ka miƙa, ka cire katin ajiya idan akwai, domin shi galibi ba a kulle yake ba. Na biyu mai gyaran waya ne, wanda yakan ce a ba shi lambar buɗewa don ya gwada aikinsa. Canjin gilashi ko batir ko bakin caji ba ya buƙatar lambarka, kuma idan gwaji ya zama dole, ka tsaya ka buɗe da kanka a yi a gabanka. Yawancin masu gyara mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, amma hotunan iyali da suka bazu daga irin wannan wuri ba sa komawa.

Sai sabuntawa. Duk lokacin da waya ta nemi ka sabunta ta, mafi yawan abin da ke cikin sabuntawar toshe ɓarakar da aka gano ne, kuma da zarar kamfani ya sanar da ɓaraka, masu kutse ma sun san da ita. Kuɗin data yana da nauyi, amma nan ne ya fi cancanta a kashe shi. Idan za ka sayi waya, ka tambayi shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin aiko mata da sabuntawar tsaro, domin wayar da aka daina sabuntawa ba ta dace da aikin sirri ba komai kyawunta.

Zaɓen manhajar magana

Signal ce ta fi dacewa da magana mai haɗari. Gidauniya ce ke tafiyar da ita, tsarin rubutunta a buɗe yake ga masu bincike, kuma ba ta tara bayanai. Lokacin da wata kotun tarayya a jihar Virginia ta nemi bayanan wasu masu amfani da ita a 2016, abin da aka iya miƙawa shi ne ranar buɗe asusu da ranar da aka hau na ƙarshe. Tun 2024 kuma kana iya ba mutum sunan da ka zaɓa maimakon lambar wayarka. WhatsApp tana amfani da tsarin kulle na Signal tun watan Afrilun 2016, saboda haka abin da ke cikin saƙonni da kira a kulle yake, sai dai kamfanin Meta da ya mallake ta yana riƙe da bayanai masu yawa game da wanda kake hulɗa da shi. Wata takardar hukumar bincike ta Amurka, FBI, da ta fito fili a 2021 ta nuna cewa da umarnin kotu ana iya samun bayanin wanda mutum ke musayar saƙo da shi a WhatsApp duk bayan minti 15. Telegram kuwa mutane da yawa sun ɗauke ta a matsayin mafi sirri, alhali hirarta ta yau da kullum da ta ƙungiyoyi ba a kulle suke daga waya zuwa waya ba, sai wadda aka buɗe musamman a matsayin hirar sirri tsakanin mutum biyu.

Tun da WhatsApp ce a hannun kowa, ga abin da za a gyara a cikinta. Babbar ɓaraka ita ce kwafin ajiya. Wayarka tana tura kwafin hirarrakinka zuwa Google Drive ko iCloud, kuma wannan kwafi ba ya cikin kullen waya zuwa waya sai ka kunna da kanka. Tun watan Oktoban 2021 akwai zaɓin kulle shi da kalmar sirri ko da mabuɗi mai haruffa 64, a sashen hirarraki na saituna. Ka kunna, ka rubuta kalmar a takarda ka adana a gida, domin idan ta ɓace babu mai dawo maka da ita. Ka tuna kuma cewa abokin maganarka yana da nasa kwafin, idan bai kulle ba, hirarku tana can a buɗe.

Bayan haka ka sa lambar tabbatarwa ta biyu mai lamba shida, wadda ke hana wani ɗauke asusunka ko da ya samu lambar da ake turowa ta tes. Ka riƙa duba jerin na'urorin da aka jona da asusunka, domin wanda ya riƙe wayarka a buɗe na minti ɗaya zai iya jona ta da kwamfutarsa ya ci gaba da karanta saƙonninka daga nesa. Ka kunna saƙonni masu gogewa da kansu, tun da abin da babu shi a waya ba a tatsar sa. Ga wanda za ku yi magana mai nauyi da shi, ku haɗu ido da ido sau ɗaya ku gwada lambar tsaro mai lamba 60 da ke shafin bayanansa, a Signal ko a WhatsApp. Idan ta zo ɗaya a wayoyinku biyu, babu wanda ya shiga tsakani. Idan manhajar ta sanar da kai cewa lambar ta canza, ka tambaye shi ta wata hanya ko ya canza waya kafin ka ci gaba.

Manhajojin jabu irin su GBWhatsApp da ake turawa daga waya zuwa waya saboda kwalliyarsu, ka goge su. Ba ka san wanda ya rubuta su ba, kuma ka miƙa masa mabuɗinka da saƙonninka duka. Haka manhajojin ba da bashi da na tocila da na wasanni da ke neman izinin shiga lambobin mutanenka da hotunanka da makirufo. Ka shiga sashen izini a saituna ka janye duk abin da manhaja ba ta buƙata don aikinta.

Game da ƙungiyoyi, maganar gajeriya ce. Ƙungiyar da ke da mutum ɗari biyu ba wurin sirri ba ce, ko da wane irin kulle aka yi mata, domin mutum ɗaya ya isa ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya tura.

Abin da kulle ba ya ɓoyewa

Wasiƙar da aka liƙe a ambulan, ma'aikacin gidan waya ba ya ganin abin da ke ciki, amma yana ganin sunan mai aikawa da na mai karɓa da ranar aikawa da garin da ta fito. Haka sadarwa take. Kamfani ya san layin da ka kira, da lokacin, da tsawon maganar, da ƙarfen sabis ɗin da wayarka ke jone da shi a kowane lokaci, har lokacin da ba ka kira kowa ba. Ya san kuma lambar IMEI ta wayar kanta, wadda ba ta canzawa idan ka canza layi, shi ya sa sa sabon sim a tsohuwar waya ba ya ɓad da sawu. Tun da aka fara haɗa layuka da lambar NIN a watan Disamban 2020, kowane layi a Najeriya yana ɗaure da suna da hoto da zanen yatsa. Janar Michael Hayden, wanda ya shugabanci hukumomin leƙen asirin Amurka na NSA da CIA, ya faɗa a bainar jama'a a 2014 cewa suna kashe mutane bisa irin waɗannan bayanai. A 2020 CPJ ta bayyana yadda 'yan sanda a Najeriya suka yi amfani da bayanan kira suka gano makusantan wasu 'yan jarida, suka tsare su, suka sa su kira waɗanda ake nema su fito.

Babu manhajar da ke magance wannan, sai canjin ɗabi'a. Idan wani ya amince da kai ya ba ka bayani mai haɗari, kira ɗaya ta layi tsakaninku ya isa ya tona shi, ko da gaisuwa kawai kuka yi. Ku yi magana ta Signal tun daga farko. Idan za ku haɗu, ku bar wayoyinku a gida a kunne kamar yadda suka saba zama, domin wayoyi biyu da suka tafi wuri ɗaya a lokaci ɗaya sun ba da labari, haka ma wayoyi biyu da aka kashe a lokaci ɗaya. Hotuna ma suna ɗauke da bayanin wurin da aka ɗauke su da irin wayar. WhatsApp tana cire wannan idan ka tura a matsayin hoto, amma idan ka tura a matsayin fayil yana tafiya da komai, don haka ka hana kyamara sanin wurin da kake.

Manhajar VPN, wadda 'yan Najeriya da yawa suka sani lokacin da aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, tana ɓoye wa kamfanin sadarwa shafukan da kake shiga, amma mai VPN ɗin yana gani, kuma na kyauta da yawa da bayananka suke cin abinci. Ba ta ɓoye wa kamfanin sadarwa wurin da wayarka take. Don binciken da ba ka so a danganta da kai, manhajar Tor ta fi, domin tana bi da kai ta na'urori uku, babu ɗaya cikinsu da ta san mafari da maƙura a lokaci guda, sai dai tana da nauyin tafiya.

Layi da kalmomin sirri

Layinka shi ne ƙofar bankinka da imel ɗinka, saboda haka ka sa wa sim lambar sirri, ta yadda ɓarawon da ya cire shi ya sa a wata waya ba zai samu lambobin da banki ke turowa ba. Ka nemo lambar PUK, wadda ke buɗe sim idan ya rufe, ka ajiye tukuna, domin kuskure uku yana rufe sim ɗin. Kowane asusu ya samu kalmar sirrinsa daban, tun da idan aka sace ta a wani shafi, masu kutse suna gwada ta a sauran. Ba wanda zai haddace talatin, don haka ka yi amfani da manhajar adana kalmomin sirri irin su Bitwarden ko KeePassXC, ka haddace guda ɗaya mai ƙarfi. Hanyar haɗa ta ita ce ka jera kalmomi shida da ba su da dangantaka, waɗanda ka tsinta ta buɗe ƙamus da ka, kamar a ce tukunya, hazo, linzami, gishiri, tagwaye, alli. Kada ka ɗauki karin magana ko aya ko baitin waƙa, domin duk abin da aka taɓa rubutawa yana iya shiga jerin da na'ura ke gwadawa. A imel da Facebook ka kunna tabbatarwa ta biyu, kuma ka fifita manhajar da ke samar da lamba a cikin wayar, irin su Aegis ko Google Authenticator, a kan lambar tes. Duk wanda ya kira ka ya nemi ka karanto masa lambar da aka turo maka, ɗan damfara ne, ko da sunan wa ya zo.

Idan gwamnati ce da kanta ta nufe ka

Akwai matakin da duk abin da aka faɗa ba ya isa. Manhajar Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila tana shiga waya ta karanta saƙo bayan an buɗe shi, ta kunna makirufo da kyamara, wani lokaci ba tare da mai wayar ya taɓa komai ba. An fara gano ta a 2016 a saƙon da aka tura wa Ahmed Mansoor, mai fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wanda ya ƙi latsa adireshin ya tura wa masu bincike. A 2019 WhatsApp ta ce an kai wa mutum kusan 1,400 hari da ita ta hanyar kira, cikinsu har da malaman coci a Togo. A Ghana kuma kotu ta ɗaure tsofaffin jami'an gwamnati uku a 2020 kan cinikin kayan kamfanin NSO. Irin wannan hari yana da tsada sosai, ba a yi wa kowa, amma ɗan jarida mai bincike da lauyan da ke ƙarar hukuma su sa shi a lissafi. Su sabunta waya ranar da sabuntawa ta fito, su riƙa kashe ta suna kunnawa kullum domin wasu nau'o'in ba sa tsira daga hakan, su kunna tsarin tsaurara tsaro na Lockdown Mode da Apple ya fito da shi a 2022 idan iPhone ce, su raba wayar aiki da ta gida. Wanda ya samu gargaɗi daga Apple ko Google ko WhatsApp cewa ana farautarsa, kada ya goge wayar, domin shaidar tana ciki. Ya nemi ƙungiyar Access Now, wadda ke da layin taimakon tsaron intanet kyauta dare da rana ga 'yan jarida da ƙungiyoyin farar hula, ko sashen binciken tsaro na Amnesty International.

Gwamnatoci da dama suna neman a bar musu wata ƙofa ta musamman a jikin kulle, kuma hujjarsu ta yaƙi da ta'addanci ba abin rainawa ba ce. A ganina tarihi ya riga ya amsa. A Girka, tsakanin 2004 da 2005, wasu sun yi amfani da tsarin sauraren da aka gina wa hukuma a cikin na'urorin Vodafone suka saurari wayoyi kusan 100, har da ta firaminista. A 2024 an gano cewa masu kutse da Amurka ta danganta da Sin sun shiga manyan kamfanonin sadarwarta, har jami'an Amurka suka shawarci jama'a su koma manhajoji masu kulle. A watan Fabrairun 2025 kuma Apple ya janye kullen ajiyarsa mafi ƙarfi daga Birtaniya bayan rahotannin cewa gwamnati ta nemi hanyar shiga. Ƙofar da aka buɗe wa jami'i mai takardar kotu ba ta da hanyar hana ɓarawo ko ɗan leƙen asirin wata ƙasa.

Idan an karɓe wayarka

A watan Oktoban 2020 Sufeto Janar na 'yan sandan Najeriya ya hana jami'ansa binciken wayoyin mutane barkatai a kan hanya, sashe na 35 na tsarin mulki kuma ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya. Duk da haka alƙali yana iya ba da sammacin bincike, kuma ƙin bin sa yana da hukunci. Kada ka yi kokawa da mai bindiga a kan waya. Ka tambaya cikin ladabi ko akwai takardar kotu, ka ce kana son lauyanka, ka riƙe suna da wuri da lokaci. Kada kuma ka goge abu bayan ka san ana bincikenka, domin wannan yana iya zama laifi na daban, tsabtace waya aikin tun kafin a fita ne.

Da zarar ka samu dama, ka yi amfani da wata na'ura ka canza kalmar sirrin imel ɗinka tukuna, tun da ta nan ake sake saita sauran, ka fitar da wayar da aka karɓa daga duk asusunka, ka sanar da waɗanda sunayensu ke ciki domin su ma su yi shiri. Idan an dawo maka da ita bayan ta kwana a hannun wasu, ka ɗauka an kwafe abin da ke ciki kuma an iya dasa wani abu. Idan kana da niyyar kai ƙara ko neman a bincika ta, ka ajiye ta a kashe ka miƙa wa masu bincike yadda take. Idan ba haka ba, ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ka sa sabuwar lamba, ka sauke manhajojinka ɗaya bayan ɗaya daga Play Store ko App Store maimakon dawo da su daga tsohon kwafi.